Rijiya, Randa da Moɗa: Jagorar Koyar da Darasin ATP da Kayan Kasuwar Tahoua

Shekarun farko da na fara koyar da SVT, wato kimiyyar rayuwa da ƙasa, a wata lise a nan Tahoua, babu darasin da ya ci mini alli kamar na ƙarfin ƙwayar halitta. In cika tablo da kibiyoyi tun daga sukarin gulukos har ƙasa, yara su kwafe a kaye, su haddace, ranar jarrabawa su zubo mini shi yadda na ba su. Ina ganin aiki ya yi. Wata rana na rubuta cewa ATP (sinadarin da ke kai ƙarfi inda ƙwayar halitta ke aiki) ita ce rumbun ƙarfin jiki, sai wata ɗaliba daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, in dai ATP rumbu na, don mi raƙumi ka tara kitse ga tozo nai, bai tara ATP?" Na tsaya da alli a hannu. Gaskiyarta. Abin da na rubuta kuskure ne, kuma na daɗe ina rubuta shi. Daga ranar na sake shirin darasin gaba ɗaya, kuma shi ne nake so in miƙa wa abokan aiki da ɗaliban da ke shirin Bak.

Ba a buƙatar ɗakin gwaji. Zagaye ɗaya a babbar kasuwa ya isa: gujiya busasshiya, rabin tiya na hatsi, sukari, ƙullin yis na masu fanke da burodi, balan-balan huɗu, gorar roba huɗu masu ƙunci baki, gwangwanin madara wanda ba komai ciki, waya, ashana, auduga, da kwalbar Bétadine daga farmasi. Abu biyu ne za ka nema aro: ma'aunin zafi mai kai digiri 100, da tarmos biyu irin na shayi.

Mataki na farko: gyara hoton da ke kan yara

Kafin kowane gwaji, tambaye su inda ake ajiye ruwa a gida. Za su ce rijiya ko famfo, sannan randa. Tambaye su wa ya taɓa ajiye ruwan mako a moɗa. Za su yi dariya. Moɗa ba ma'aji ba ce, amma ba a shan ruwan randa sai da ita: ta shiga ba komai, ta fito cike, a sha, ta koma.

Haka jiki yake. Rijiya ita ce kitse, a tsiro kuma sitaci da mai. Giram ɗaya na kitse yana ɗauke da ƙarfin kilojul 37 (jul shi ne ma'aunin ƙarfi, kilojul kuma jul dubu), giram ɗaya na sitaci ko sukari kuwa kilojul 17 kawai, shi ya sa dabbar da ke yawo da guzurinta a jiki take zaɓar kitse. Randa ita ce gilikojen, sukarin da aka ɗaure tsinke-tsinke aka ajiye kusa: wajen giram 100 a hantar babban mutum, wajen giram 400 a tsokoki. Ana saurin ɗibarsa, amma yana shan ruwa da yawa, kowane giram yana riƙe da kusan giram uku na ruwa, don haka ba a tara shi fiye da haka. Moɗa kuwa ita ce ATP. Duk ATP ɗin da ke jikin mutum a lokaci guda ba ta kai rabin kilo ba, amma wadda yake ƙerawa yana kashewa a yini ɗaya ta kusa nauyin jikinsa. Ba sabuwa ake kawowa daga abinci ba, moɗar nan ce dai ake ta cikawa ana juyewa.

Kada ka wuce nan sai kowane yaro ya iya ba ɗalibar nan tawa amsa da bakinsa.

Mataki na biyu: a ga ma'ajin da ido

Wannan ba ya ɗaukar minti goma. Ɗiga Bétadine kaɗan a ruwa har ya yi kalar shayi mara ƙarfi. Sa ɗigo a garin hatsi da aka dama, a yankakken dankali, a ruwan sukari, a man gujiya. Inda sitaci yake zai koma shuɗi mai duhu kusan baƙi, sauran ba za su sauya ba. Murza ƙwarar gujiya a farar takarda, a ɗaga ta a rana, tabon mai zai bayyana. Ka tuna musu asalin abin: ganyen hatsi ne ya kama hasken rana a damina, ya haɗa ruwa da iskar CO2 ya yi sukari, ya ɗaure shi ya zama sitaci a zangarniya. Ƙarfin da ke cikin fura daga rana ya fito.

Mataki na uku: ƙona gujiya ɗaya

A waje za a yi wannan, inda ba iska, da bokitin ruwa a gefe. Zuba ruwa mililita 100 a gwangwani, ka rataye shi da waya tsakanin bulo biyu. Auna zafin ruwan, a rubuta. Soka gujiya a bakin wata waya, ka kafa wayar a ƙasa yadda gujiyar za ta tsaya kamar yatsa biyu ƙarƙashin gwangwanin. Kunna mata ashana. Takan yi gardama da farko, sai ashana biyu ko uku, amma in ta kama za ka ga mai yana tsatsowa yana tafasa a jikinta, harshen wuta rawaya yana lasar gindin gwangwani yana barin baƙin hayaƙi. Yara sukan yi shiru a nan. Abin da suke ci a lokacin hutu ne yake ci da wuta fiye da minti ɗaya.

In ta mutu, motsa ruwan, a sake aunawa. Lissafin ba wuya: ana buƙatar jul 4,18 don a ƙara wa giram ɗaya na ruwa digiri ɗaya, wato jul 418 ga ruwanmu. A ce zafin ya tashi da digiri 10, ruwa ya karɓi jul 4180 ke nan. Gujiya tana da wajen kilojul 24 a kowane giram, ƙwara ɗaya kuma kusan rabin giram ce, don haka abin da ke cikinta ya kusa kilojul 12. Ka bar su su nemo inda sauran ya tafi: iska ta kwashe, gwangwani ya sha, wani kuma yana nan a gawayin da bai ƙone ba.

Yanzu ka yi musu tambayar da duk darasin ya rataya a kanta. Jiki ma da oksijin yake cinye gujiyar, ƙarshenta kuma kusan iri ɗaya ne, CO2 da ruwa, ƙarfin da ke fita ma kusan daidai yake. To me ya sa ba ma ƙonewa? Saboda wuta tana sakin komai a tashi ɗaya, ƙwayar halitta kuwa tana sauko da shi mataki-mataki, kowane mataki da anzim ɗinsa, wato furotin mai hanzarta aikin, a zafin digiri 37, tana tara moɗa a duk inda abin da ya zubo ya isa cika ta.

Mataki na huɗu: ita kanta moɗar

Zana ta sau ɗaya kawai: adenin, sukarin ribos, da fosfat uku a jere. In ruwa ya cire fosfat na ƙarshe, ATP ta zama ADP, ana samun wajen kilojul 30,5 a kowane mol (mudun da ake auna yawan ƙwayoyin sinadari da shi) a ma'aunin littafi, a cikin ƙwayar halitta mai rai ma ya fi haka. Karl Lohmann ne ya gano ta a Jamus a 1929, Fritz Lipmann kuma ya bayyana a 1941 cewa ita ce mai dakon ƙarfi tsakanin inda ake samu da inda ake kashewa.

Akwai wata magana da nake roƙon abokan aiki su daina faɗa, cewa ƙarfi yana ɓoye cikin ɗaurin fosfat, da an tsinke sai ya fito. Tsinke ɗauri cin ƙarfi yake yi, ba bayarwa ba, kuma malamin kimiyyar sinadarai zai gaya musu haka a awa ta gaba, su rasa wanda za su gaskata. Abin da ke faruwa shi ne fosfat ukun nan duk cajinsu iri ɗaya ne, suna tunkuɗar juna, a takure suke. In na ƙarshe ya fita, sababbin ɗaurin da ake ƙullawa da ruwa sun fi kwanciya, kuma bambancin da ke tsakanin takurar farko da kwanciyar ƙarshe shi ne ribar. Sau da yawa ma fosfat ɗin ba ya faɗuwa banza, ana liƙa shi ne a jikin wani furotin, furotin ya sauya siffa ya yi aiki. Haka famfon da ke fatar ƙwayoyin jijiya yake fitar da sodiyom uku ya shigo da potasiyom biyu da ATP ɗaya.

Don su ji abin a jikinsu, kowa ya ɗaga hannu sama, ya riƙa dunƙulewa yana buɗewa da sauri, wani yana ƙirga nawa yake yi a kowane daƙiƙa 15, har minti ɗaya da rabi. Lambar za ta riƙa raguwa, damtse ya ɗau zafi. ATP ɗin da ke cikin tsoka ta daƙiƙa biyu ce zuwa uku in ana aiki da iyakar ƙarfi. Bayanta akwai wani ɗan guzuri, fosfokireyatin, mai mayar wa ADP fosfat nan take, shi ma wajen daƙiƙa goma. Ɗan kokowa da ya sunkuci abokin karawarsa ya kayar a ƙiftawar ido da waɗannan biyun ya yi aiki. In kokowa ta ja, sai a koma randa.

Mataki na biyar: gora huɗu da yis

Gulukos in ya shiga ƙwayar halitta, tun bai kai ga mitokondiri ba, wato ƴan ɗakunan cikin ƙwayar inda ake amfani da oksijin, ake fara sarrafa shi. Matakai goma ne, ana kiransu gilikoliz: a kashe ATP biyu a farko, a raba sukarin mai kabon shida gida biyu, a samu ATP huɗu. Riba biyu. Ba a buƙatar oksijin, kuma wannan ne za mu gani.

Kowace gora a zuba mata rabin kofi na ruwa. Ta farko: yis cokalin shayi biyu da sukari babban cokali ɗaya, ruwa mai ɗumi. Ta biyu: yis ba sukari. Ta uku: sukari ba yis. Ta huɗu: sukari da yis ɗin da aka tafasa aka bari ya huce. A girgiza, a sa balan-balan a bakin kowace, a ajiye a inuwa. Ɗumin da ake so shi ne digiri 35 zuwa 40, wanda in ka sa yatsa ba ka jin zafi. Ni na taɓa ɓata wannan gwaji a watan Afrilu, na ɗebo ruwa daga baƙin bido da ya yini a rana, yis ya mutu, muka zauna muna kallon balan-balan huɗu a kwance. A bazarar Tahoua auna ruwanka tukuna. Kuma kada a taɓa rufe gorar da murfinta, tana iya fashewa.

Cikin rabin awa zuwa awa ɗaya gora ta farko za ta yi kumfa, balan-balan ya miƙe. Matse wuyansa, ka cire, ka saki iskar a hankali cikin kofi, sannan ka zura ashana mai ci: za ta mutu, don CO2 ce. A sansana bakin gorar, za a ji tsamin ƙullin fanke. Ka faɗa wa yara gaskiya cewa yis yana fitar da ɗan barasa tare da iskar, shi ya sa ruwan gwajin zubarwa ake yi. Louis Pasteur ya nuna cewa tsimuwa aikin ƙananan halittu masu rai ne, sannan a 1897 Eduard Buchner ya niƙe yis ya tace, ruwan da ba ƙwaya mai rai ko ɗaya a ciki ya tsimar da sukari. Anzim ne ke aikin, kuma tafasa tana lalata su, ga shaida a gora ta huɗu.

Tsokarmu in oksijin ya gaza mata ba barasa take yi ba, laktat take yi, jini ya kai shi hanta a mayar da shi sukari. Ƙwayoyin da ke tsamar da nono ma hanyarsu ke nan. Jajayen ƙwayoyin jini kuwa ba su da mitokondiri sam, da ribar biyun nan suke rayuwa.

Mataki na shida: mitokondiri, inda mafi yawan moɗa ke cika

Nan ne yara ke ɓacewa, don sunaye sun yi yawa. Shawarata ita ce kada a fara da sunaye. Zagayen da Hans Krebs ya bayyana a 1937 aikinsa a taƙaice ɗaya ne: ya ƙarasa wargaza guntayen sukari da na kitse, kabon ya fita a matsayin CO2 da muke fitarwa a numfashi, elektoron kuma a ɗora wa ƴan dako biyu, NAD da FAD. ATP ɗin da zagayen ke bayarwa kai tsaye biyu ce kacal a kowane gulukos. Dukiyar tana kan ƴan dako. Daga bitamin B3 da B2 ake ƙera su, wannan kuma wuri ne mai kyau na yi wa yara maganar amfanin nono, wake, gujiya da ganye a abinci.

Sauran kuma a tsakar makaranta nake koyar da shi. Ja layi da toka a ƙasa, shi ne fatar ciki ta mitokondiri. Tara tsakuwa a gefe ɗaya, su ne furoton, wato haidurojin mai caji (H+). Yara uku su tsaya a kan layin a matsayin famfo, a ba na farko lemo ɗaya, shi ne elektoron. Dokar ita ce duk wanda lemo ya zo hannunsa ya tsallakar da tsakuwa zuwa ɗaya gefen kafin ya miƙa wa na gaba. A ƙarshen layi wani yana tsaye, shi ne oksijin, yana karɓar lemo. Tsakuwa na taruwa a waje kamar yadda famfo ke hawar da ruwa shato. Ƙofa ɗaya ce ta komowa, kuma mai tsaron ƙofar sai ya juya jikinsa duk lokacin da tsakuwa suka wuce, in ya cika zagaye ɗaya ya tafa sau uku. Wannan ba ƙari na yi ba: anzim ɗin da ke ƙera ATP juyawa yake yi da gaske kamar dutsen injin niƙa, kuma kowane zagaye ATP uku yake fitarwa. Peter Mitchell ya kawo wannan bayani na taruwar furoton a 1961, masana da yawa suka ƙi yarda, sai a 1978 aka ba shi kyautar Nobel. Paul Boyer da John Walker sun samu tasu a 1997 kan yadda injin ke juyawa. Na yi shekaru ina koyar da wannan, har yau in na tuna irin wannan inji yana juyi a kusan kowace ƙwaya ta jikina sai in ce tsarki ya tabbata ga Mahalicci.

In wasan ya kankama, ka janye yaron oksijin ba tare da sanarwa ba. Na uku zai rasa wanda zai ba lemo, na biyu ya tsaya, na farko ya tsaya, tsakuwa su daina tsallaka, tafi ya ɗauke. Ba sai ka yi dogon bayani kan dalilin numfashi ba. Daga nan ka kawo musu abin da ya shafi ransu. Gubar siyanid da ke fita daga rogo mai ɗaci wanda ba a jiƙa an shanya yadda ya kamata ba, famfo na ƙarshen nan take toshewa, ga oksijin a jini amma ba ya karɓuwa. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki kuwa, irin wanda ake kwana da shi lokacin sanyin hunturu, yana kama jini ya hana shi ɗaukar oksijin tun daga tushe, gubar da ke cikinsa ba ta da wari kuma ba ta da launi. Ina so kowane ɗalibina ya kai wannan magana gida.

Gwajin kwana uku da hatsi

Mol ɗaya na gulukos yana da wajen kilojul 2870. In ka ninka ATP 30 da 30,5 za ka samu 915, kusan kashi ɗaya cikin uku. Sauran zafi ne. Don a gan shi, jiƙa hatsi kofi biyu ya kwana, ka tafasa rabi ya huce. Ɗauraye kowane kashi da ruwa mai ɗigon jabel don kashe ƙwayoyin ruɓa, ka sake ɗaurayewa da ruwa mai tsabta, ka zuba a tarmos daban-daban, kada su wuce rabi. Toshe da auduga, ban da murfi, don hatsi mai tsira yana numfashi. A auna safe da yamma. Tarmos mai rai zai ɗara ɗan'uwansa zafi. In na tafasasshen ma ya fara ɗumi a kwana na uku, ruɓa ce ta shiga, kuma su ma masu ruɓar numfashi suke yi. Duk ɗan manomi ya san abin da ke faruwa in an zuba hatsi a rumbu bai gama bushewa ba.

Game da jarrabawa: littattafai da yawa da ke hannunmu suna cewa ATP 36 ko 38 a kowane gulukos, lissafin da aka gyara daga baya kuwa 30 zuwa 32 ne, don shigar da kaya cikin mitokondiri ma yana cin furoton. Ina gaya wa ɗalibaina duka biyun, in ce su rubuta wanda ke cikin manhajarsu, su kuma riƙe cewa ko da wanne aka ɗauka, numfashi ya ninka tsimuwa wajen sau goma sha biyar ko fiye.

Aikin gida da nake rufewa da shi shafi ɗaya ne. Ɗalibi ya bi mai azumi daga furar sahur zuwa dabinon buɗa baki, ya faɗi inda ATP ɗin ƙwaƙwalwarsa ke fitowa da hantsi, da azahar, da la'asar sakaliya. Amsa mai kyau za ta nuna sukarin sahur yana ƙarewa cikin ƴan awoyi, hanta tana buɗe randarta don ƙwaƙwalwa, wadda ke cin wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin jiki a lokacin hutu, tsokoki kuma suna ƙara jingina da kitse yayin da rana ke yin ƙasa. Gilikojen ɗin tsoka na tsokar ne ita kaɗai, ba ta iya sakinsa cikin jini, kuma a nan ne yawancinsu ke yin kuskure, don haka ka duba wannan layin da kyau in kana gyara.